Giɓin Jimla a Ingilishi: Abin da Ɗalibin Gaya Ke Tuntuɓe da Shi

Garin Gaya na jihar Dosso yana bakin kogin Kwara. Gada ce ta haɗa shi da Malanville ta ƙasar Benin, hanyar mota kuma ta haɗa shi da Kamba ta jihar Kebbi a Nijeriya. Yaron da ya tashi a can yakan ji Dandanci da Hausa da Zabarmanci a gida da kasuwa, ya yi karatun firamare da Faransanci, sannan ya soma Ingilishi a kwaleji. A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sanya Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa Ingilishi nauyi ga ɗalibin da zai yi aikin fiton kaya a kan iyaka ko ya nemi jami'a a Sakkwato.

Ɗalibin da ya yi nisa a Ingilishi ya san lokutan aikatau, ya kuma tara kalmomi. Inda yakan bayyana cewa baƙo ne shi ne wajen sanin abin da ake bari ba a furta ba. Wannan shi ne giɓin jimla, wanda ake kira "ellipsis" da Ingilishi: a cire wani yanki na jimla saboda mai sauraro zai iya maido da shi daga abin da ya gabata. Halliday da Hasan, a littafinsu Cohesion in English na 1976, sun kasa shi gida uku: giɓin yankin suna, da na yankin aiki, da na ganga. Kowane harshe yana barin giɓi, amma kowanne da gurbin da ya yarda a bari. Ɗalibin Gaya yana zuwa wa Ingilishi da ɗabi'ar Hausa da ta Faransanci, kuma dukansu biyun sun saɓa wa ta Ingilishi.

A ɗauki tambaya mai sauƙi. Idan aka ce wa Bahaushe "Ka sayi shinkafar?", zai amsa "Na saya." Ya riƙe aikatau ya jefar da karɓau, har aikatau ɗin ya sauya ƙira daga "sayi" zuwa "saya", kamar yadda aikatau na rukuni na biyu ke yi idan ba karɓau a gabansa. Mai Faransanci zai ce "Oui, je l'ai acheté", wato ya maye gurbin shinkafar da wakilin suna, domin "Oui, j'ai" ba jimla ba ce a wurinsa. Shi kuwa Ingilishi, ga tambayar "Did you buy the rice?", amsar ita ce "Yes, I did." An jefar da aikatau da karɓau baki ɗaya, an bar mataimakin aikatau shi kaɗai. Ɗalibin da ya ce "Yes, I bought" Hausa ya yi da kalmomin Ingilishi. Hausa ba ta barin mai nuna lokaci a tsaye shi kaɗai, shi ya sa "Na" ba ta zama amsa, sai dai a ce "Na yi."

Ƙa'idar wannan giɓi tana da rassa da ya kamata mai nisa ya kiyaye. Na ɗaya, mataimakin da aka bari yana ɗauke da cikakken furucinsa: ana cewa "Yes, I am", ba a cewa "Yes, I'm." Na biyu, ana iya barin "to" ita kaɗai: "I didn't go, but I wanted to." Na uku, mataimakin ganga ta biyu yana iya bambanta da na farko: "Binta has paid, but Audu won't."

A giɓin yankin suna kuwa, Faransanci da Hausa sun fi Ingilishi sakin fuska. Mai sayen zane a kasuwar Gaya zai ce "Ba ni farin", ko "Je prends le blanc." Ingilishi yana buƙatar "one" a nan: "I'll take the white one." Amma bayan adadi lamarin yakan juya. Ingilishi da Hausa suna barin giɓin a buɗe, "I'll take three", "Ba ni uku", Faransanci ne ke tilasta "en": "J'en prends trois."

Akwai wurare biyu da ɗalibin ba ya shan wahala sosai. John Robert Ross ya bayyana su a takardunsa na 1969 da 1970. Ɗaya shi ne cire aikatau daga ganga ta biyu: "Audu bought yams, and Binta gari", daidai da "Audu ya sayi doya, Binta kuma gari." Ɗayan shi ne barin kalmar tambaya ita kaɗai: "Someone called, but I don't know who." Faransanci yana da "je ne sais pas qui", Hausa kuma takan ƙara madanganci ta ce "ban san ko wane ne ba."

Sharaɗin da ya riƙe duk waɗannan shi ne a iya maido da abin da aka cire ba tare da shakka ba. Quirk da abokan aikinsa sun jaddada hakan a babban nahawunsu na 1985. Idan sharaɗin ya karye, ma'ana takan rabu biyu, kuma a garin fito irin Gaya rabuwar tana iya jawo asarar kuɗi. A ce yarjejeniya ta ƙunshi jimlar "The trader pays the driver more than the agent." Ko dai ɗan kasuwa yana biyan direba fiye da yadda yake biyan wakili, ko kuma fiye da yadda wakili ke biyan direban. Kalma guda ce ke raba gardamar: "than the agent does" ta ba da ma'ana ta biyu, "than he pays the agent" ta ba da ta farko. Haka kuma "Musa phoned his brother, and Sani did too" ba ta faɗi ko ɗan'uwan wa Sani ya kira ba. Hausa ma tana da wannan harshen damo a "Musa ya kira ƙanensa, Sani ma haka."

Wani kuskuren da masu gyaran takardun jarrabawa ke ja wa layi shi ne cire aikatau alhali ƙirarsa ta bambanta a gangunan biyu, kamar "He has never and will never accept the price." Bayan "has" ana buƙatar "accepted", don haka rubutu na ilimi ya fi son a cika: "He has never accepted and will never accept the price." Sannan akwai giɓin da hali ke cikewa, irin su "Seen Musa?" da "Want some?", wanda ya dace da hira da saƙon waya, bai dace da kundin digiri ba.

Ga malamin da ke koyarwa a Gaya ko a sashen Ingilishi na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, hanya mafi kusa ita ce kwatance. Ya rubuta tambaya ɗaya a allo da harsunan uku, ya sa ɗalibai su ba da gajeriyar amsa a kowanne, su nuna abin da ya faɗi da abin da ya tsaya. Ɗalibin da ya ga cewa Hausa na riƙe aikatau, Faransanci na neman wakilin suna, Ingilishi kuma na riƙe mataimaki, zai daina haddace "Yes, I did" a matsayin amsar allo. Nazarin yadda Dandanci ke barin nasa giɓin kuwa fage ne mai kyau ga ɗalibin da ke neman batun kundi, kuma 'yan Gaya ne suka fi kowa kusa da masu harshen.