Ciwon Da Ba Ya Jiran Kaka: Bayani Kan Sankarar Kaluluwa

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Gwari, tun daga Kuyello da Dogon Dawa har Randagi da ƙauyukan da suka raɓi dajin Kamuku, ya san Allah Ya hore mata ruwan sama da ni'imar ƙasa, har masara da dawa ba su cika ba manomi kunya ba. Amma kuma ya san damshin da ke raya shuka shi ke raya sauro, ta yadda da wuya yaro ya ƙetare damina ba tare da zazzaɓi ya kayar da shi ba. To, wannan zazzaɓi da muka raina saboda sabo, idan ya yi ta maimaituwa a jikin yaro shekara da shekaru, yakan share fage ga wata cuta wadda ta fi shi sharri, watau sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma.

Daga cikin hikimar halittar ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle, ɗaruruwa, da aka jera a wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki, waɗanda matsayinsu a jiki kamar na dogarai ne a ƙofofin gari, domin a cikinsu fararen ƙwayoyin jini ke tsare duk baƙuwar cutar da ta kutso. Shi ya sa idan miki ya ruru a ƙafa sai kaluluwa ta fito a matsematsi, ta yi zafi, ta kuma sace da zarar mikin ya warke. Illa tana aukuwa ne sa'ad da ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan ta ɓaci, ta shiga hayayyafa ba ƙaidi, 'ya'yanta su cika kaluluwa, su wuce zuwa saifa da hanta da ɓargo. Malaman likitanci sun kasa cutar gida biyu: akwai wadda ake jingina wa Thomas Hodgkin, likitan Landan da ya siffanta ta a 1832, akwai kuma sauran, waɗanda nau'o'insu suka kai gommai. Tana da 'yan'uwa na jini, kamar lukimiya, wadda ke farawa daga ɓargo, ta sa mutum ya ɗashe, dasashinsa ya riƙa zub da jini, da kuma mayeloma, wadda ta fi kama dattawa, ta riƙa cin ƙashin baya.

Nau'in da ya fi shafar yaranmu shi ne wanda ke ɗauke da sunan Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya yi aiki a asibitin Mulago na Kampala, ƙasar Yuganda, wanda ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi suna ta zuwa masa, har ya wallafa bayaninsu a 1958. Bai tsaya nan ba, sai da ya bi asibitocin Afirka da wasiƙu da tafiya a mota, ya gano cewa cutar ta yawaita ne inda ake da zafi da ruwan sama mai yawa, ta kuma yi ƙaranci a kan tuddai masu sanyi da wuraren fari, watau dai iyakarta ta yi daidai da iyakar zazzaɓin cizon sauro. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango wata ƙwayar bairos a cikin tsokar da aka aiko musu Landan daga Kampala, ita ce ta farko da aka danganta da sankara a jikin mutum. Nijeriya ma tana da rabo a wannan ilmi, domin a Badun aka raya ƙwayoyin cutar daga jikin wani yaro a 1963, waɗanda har yau ake bincike da su a duniya, a can kuma Farfesa Victor Ngu ya nuna cewa allura tana narkar da ƙarin, abin da ya sa aka haɗa shi da Burkitt cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker a Amurka a 1972.

Yadda sababan ke haɗuwa kuwa shi ne, bairos ɗin nan kusan kowane yaro a ƙasashenmu yana ɗaukarsa tun yana ƙarami, ta hanyar yawu, ya zauna cikin fararen ƙwayoyin jini bai cuce shi da kome ba. Amma idan zazzaɓi ya yi ta tunzura ƙwayoyin su hayayyafa, alhali ya raunana masu tsaronsu, sai wata rana a sami kuskure cikin rubutun halittar ɗaya daga cikinsu, guntun kuromosom na 8 ya maƙale a na 14, umurnin hayayyafa ya buɗe ba mai rufe shi. Ƙarin da ke biyo baya yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, saurin da da wuya a sami irinsa cikin sankarar ɗan Adam. Cutar ba ta yaɗuwa daga mai ita zuwa wani, ba kuma sammu ko jifa ba ce.

Yawanci yaro ne ɗan shekara 4 zuwa 7, maza kuma sun fi mata. Uwa za ta ga kunci ɗaya ya ɗaga, ta ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori. Kafin mako biyu dasashi ya kumbura, turame sun fara girgiɗi suna kaucewa daga layinsu, baki ya ƙi rufuwa, wani lokaci ido ya turo waje, alhali yaron bai cika kukan zafi ba. Wani kuma cikinsa ne zai yi tauri ya ɗaga, wani ƙafafunsa su mutu farat ɗaya. Ga manya kuwa, alamar da ta cancanci tuhuma ita ce kaluluwar da ba ta zafi, mai tauri, wadda ta wuce makonni tana ƙaruwa, musamman in ta zo da gumin dare mai jiƙa riga, da rama, da zazzaɓin da ya ƙi jin magani.

Ba a yanke hukunci da ido, domin tarin fuka ma yakan kumbura kaluluwar wuya, maganinsa kuma daban ne. Hujja ita ce a tsotsi ɗan abin da ke cikin ƙarin da allura, ko a yanki ɗan guntu, a duba a madubin likita, inda na Burkitt ke bayyana da wata siffa da masana suka kwatanta da sama mai taurari. Daga nan sai awon jini, da hoton ciki da ƙirji, da ɗiban ɓargo da ruwan gadon baya, don a san inda cutar ta kai. Asibitin Jibril Mai Gwari da ke Birnin Gwari zai iya tura majinyaci gaba, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, yana da sashen jini da na sankara. A guji sayen ƙwayoyin sace kumburi a kemis, irin su furedinisolon, domin sukan lafar da ƙarin na ɗan lokaci, su rikita awo.

Maganin kuwa allurai ne masu ƙarfi da ake sawa cikin ƙarin ruwa, irin su saikulofosfamaid da binkiristin da metotireksat, zagaye bayan zagaye, wasu ma ta gadon baya. Saurin da ya sa cutar ta zama abin tsoro shi ne ya sa take jin magani, har kumburi yakan sace cikin kwanaki. Sai dai kwanakin farkon nan suna da haɗari ga ƙoda, saboda dattin ƙwayoyin da suka mutu, don haka wajibi ne a yi su a gadon asibiti. Gashin kai zai zube, amai zai zo, amma duk masu wucewa ne. A ƙasashe masu wadata yara tara cikin goma suna warkewa, a Afirka kuwa rabi ne ko ƙasa da haka, babban dalili kuma shi ne zuwa a makare da yanke magani da zarar fuska ta koma daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2018, ta sa wannan cuta cikin guda shida da ta ba fifiko a sankarar yara.

Haƙiƙa mutanen Birnin Gwari suna da uzuri, domin shekarun da 'yan bindiga suka tsare hanyoyi sun sa zuwa Kaduna ko Zariya ya zama kasada, ga kuma tsadar magani. Amma abu biyu suna hannunmu. Na farko, a bar camfin nan da ke cewa ciwon daji, watau sankara, ba ya son allura, wanda ke sa a kai yaro ga wanzami a yi masa sakiya, alhali allura ce kaɗai aka jarraba ta warkar da wannan nau'i, malamanmu kuma sun daɗe suna karantar da cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Na biyu, kada magidanci ya ce sai kaka in an sayar da hatsi, domin ƙarin da ke ninkawa cikin kwana biyu ba ya ba da wa'adin wata uku. A kwantar da yara cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa da damina, duk kuma wanda ya ga kuncin yaro ya ɗaga, haƙoransa na girgiɗi, to, ya kai shi asibiti a cikin makon nan, dangi da maƙwabta su taimaka da kuɗin mota. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.