Shamfun Amosani Da Takardar Likita

Maganin ketoconazole, wanda kamfanin Janssen na ƙasar Beljiyam ya gano, shi ne ake zubawa cikin shamfun nan na amosani mai suna Nizoral. A Amurka tun shekarar 1997 kowa yana iya sayen mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 a kanti, amma mai kashi 2 sai da takardar likita. A Ingila kuwa mai kashi 2 ɗin ake miƙa wa mutum a kemis ba takarda. Kwalba iri ɗaya, doka biyu.

Wanda ya ji haka zai zaci dafi ne a cikin kwalbar. Alhali kuwa abin da fatar kai ke tsotsa ya shiga jini bai taka kara ya karya ba. Haɗarin ketoconazole yana ga ƙwayarsa ta haɗiya, wadda hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a dakatar a 2013 saboda tana lahanta hanta.

To, mene ne amfanin takardar? Babbar hujjar ita ce a tilasta wa mai ciwo ya kai kansa a duba, domin ba kowane farin gari da ke zuba daga kai ne amosani ba. Shi amosani yana da alaƙa da wata ƙwayar halitta dangin yis da ke zaune a saman fata, shamfu yana cim mata. Makero kuwa, wanda ke yawo tsakanin yaranmu ta hanyar askar wanzami da mataji da hula, cikin silin gashi yake shiga, inda kumfa ba ya kaiwa. Sai an sha magani irin su griseofulvin na makonni da dama. Shamfu rage yaɗuwarsa kaɗai yake yi. Uwar da ta yi wata uku tana wanke kan ɗanta da shamfu mai tsada ta yi asarar kuɗi, kuma idan wurin ya kumbura ya yi mugunya, tabon da zai bari yana iya hana gashi tsirowa har abada.

Sai dai hujjar tana da rauninta. Dattijon da ya shekara ashirin da amosaninsa ya san ciwonsa sarai, sa shi layin asibiti saboda kwalba ɗaya wahalarwa ce kawai, kuma da alama wannan Ingila ta duba. Shamfun da dokar ta fi dacewa da shi shi ne mai clobetasol, maganin kumburi mai ƙarfi, wanda yawan amfani da shi ke sirantar da fata, ya kuma ɓoye makero yana ci ta ciki.