Gargaɗi ga Masu Sayen Mota: Kada Ku Ba da Ko Kafin Alƙalami Sai An Duba Cikinta

Jama'a, duk mai shirin sayen mota ta hannu a wannan lokaci, tokumbo ce ko wadda aka hau a gida, ya dakata tukuna kafin ya tura kuɗi. Filayen sayar da motoci daga Legas zuwa Abuja, Kaduna da Kano cike suke da motoci masu sheƙi, amma a tsakaninsu akwai waɗanda ruwa ya shanye, akwai waɗanda aka harhaɗa bayan mummunan haɗari, akwai kuma masu takardun bogi. Dillalai masu amana suna nan, kuma su ma abin yana ɓata musu kasuwa. Sai dai maha'incin ba ya zuwa da alama a goshi. Shi ma da fara'a zai tarbe ka, ya ce, "Alhaji, fas bodi ce, ba a taɓa ta ba. Mai kawai za ka zuba ka kama hanya."

Mafi hatsari a cikinsu ita ce motar ambaliya. Idan guguwa ta yi ɓarna a Amurka, kamar Harvey da ta nutsar da birnin Houston a 2017, ko Ian da ta afka wa Florida a 2022, dubban motoci kan kwana cikin ruwa. Kamfanin inshora ya biya mai motar, ya sa mata shaidar cewa ta lalace, ya kai ta gwanjo irin na Copart ko IAA. Su masu gwanjon ba sa ɓoye komai, hotuna da bayanin lahanin suna nan a intanet. Ɓoyon yana farawa ne bayan wani ya saye ta da araha, ya sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Legas, aka wanke, aka busar, aka canza kafet, aka fesa turare. Ko a gida ma, ambaliyar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024 ta shafe motoci masu yawa, kuma motar da ta sha ruwa a wani gari ba wuya a sayar da ita a wani.

Abin da ya sa wannan ya fi sauran muni shi ne ba ya nuna kansa ranar ciniki. Injin zai tashi lafiya, iyakwandishan ya yi sanyi. Amma ruwan, musamman na gishiri, ya riga ya shiga wayoyi da ƙwaƙwalwar motar, yana cin su a hankali. Bayan wata uku ko huɗu gilashi ya ƙi sauka, giya ta fara fizga, wata rana motar ta mutu a tsakiyar titi da iyalinka a ciki. Daga nan kai da rewaya kun ƙulla zumuncin da ba ya yankewa. Don haka ku ɗaga kafet ku taɓa ƙasan. Ku fito da safaya ku duba ramin, ko akwai yashi ko busasshen taɓo. Ku leƙa ƙarƙashin kujera ku ga ko kusoshi sun yi tsatsa. Ku ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, domin mai wanki kan manta da shi, kuma shatin ruwa yana zama a jiki. Sabon kafet a tsohuwar mota, ko turaren da ya yi yawa, abin tambaya ne.

Kowace mota tana da lambar sasi mai haruffa da lambobi 17. Tana jikin dashbod ta ƙasan gilashin gaba, tana kuma jikin ƙofar direba. Ku tabbata ta zo ɗaya a duk wuraren da kuma cikin takardu. Sannan ku rubuta ta a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, da gabanta a murƙushe. Rahoton Carfax, na motocin Amurka da Kanada, yana nuna haɗari da adadin tafiyar da aka rubuta mata a can. Idan rahoton ya ce ta yi mil 190,000 amma mita tana nuna 80,000, an mayar da ita baya. Ku lura kuma, motar Amurka mil take ƙirgawa: mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ne. Harafi na goma a lambar sasin yana faɗin shekarar ƙira, 8 na nufin 2008, A 2010, D 2013. Nan ne asirin masu canza wa tsohuwar jif fitilu da bamba su sayar da ita a matsayin sabon yayi yake tonuwa.

Ku je ganin mota da sassafe, ku dafa bonet. Idan da ɗumi, an riga an tayar da ita don kada ku ji ƙarar farko. Ku murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba: dole fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya, har da ta inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba, cire ta aka yi ko aka toshe. Jakar iskar ma akan ɗinke wurinta babu komai a ciki, kuma ranar da za ka gane ita ce ranar da ba ta da amfani a gane. Shuɗin hayaƙi alamar inji yana shan baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ko murfin mai da ya yi kamar an zuba madara, alamar ruwa yana shiga inji. Wasu kan zuba mai mai kauri don ya danne ƙara. A sa na'urar bincike ta kwamfuta, a ɗaga motar a duba ƙasa, a ga ko an yi wa sasi walda, a ga ko abin da makanikai ke kira indomi yana cikin salansa, don akan fasa a kwashe shi saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Maganaɗisu ɗan ƙarami zai nuna muku inda aka cika ƙarfen bodi da fila.

Makanikin da zai yi wannan aiki naku ne, ku za ku zo da shi, ku za ku biya shi. Kada ku bar shi ya keɓe da dillali, domin la'ada tana iya rufe idon gwani.

Sai takardu. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Nijeriya ta fara hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk 'yar Kwatano da aka ce muku ta biyo ta tudu a yi hattara da ita. Ku kai takardun diyuti ofishin kwastan a tantance su da lambar sasi, kada ku yarda da hoton da aka turo ta WhatsApp. In na jabu ne, a hanya za a karɓe motar, kuma ba dillali za a tambaya ba. Akwai ma na sata: a 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci fiye da 50 da ta ƙwato a Nijeriya. Motar da aka hau a gida kuwa, a binciki lambarta wurin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da rajistar motoci ta 'yan sanda, a kuma ga mai ita ido da ido.

Duk wannan bincike ba ya wuce kwana biyu, kuma kwana biyun nan ne maha'inci ba ya so ya ba ku. Zai ce wani ya taya, yana hanya da kuɗi. Zai ce dala za ta tashi gobe. Zai ce ku ajiye wani abu ya riƙe muku. Da zarar kafin alƙalami ya shiga hannunsa, ku ne za ku koma kuna lallashi. Wanda ya hana a gwada mota a kan babban titi, ko ya hana a kai ta gareji, ya riga ya ba ku amsa, ku tafi.

Idan komai ya yi daidai, a rubuta yarjejeniya da shaidu: lambar sasi, adadin mita, da furucin mai sayarwa cewa ba ta yi haɗari ba, ba ta sha ruwa ba, in kuma aka gano akasin haka zai mayar da kuɗi. A biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa ko kamfaninsa, ba na yaronsa ba. Wanda kuma aka riga aka cuta, kada ya fara gyara. Ya ɗauki hotuna, ya sa makaniki ya rubuta abin da ya gani, ya adana saƙonnin da suka yi. A fiƙihu mai saye yana da haƙƙin mayar da haja idan an ɓoye masa aibinta, kuma dokar kare masu saye ta 2018 ta ba shi damar kai ƙara hukumar FCCPC. In takardu ne aka ƙirƙira, wannan batun 'yan sanda ne kai tsaye.