Amanar Mai Tantance Rubutun Hannu: Darasi daga Kundayen Hitler na Jabu

A watan Afrilun 1983, mujallar Stern ta Jamus ta Yamma ta sanar da cewa ta mallaki kundayen da Adolf Hitler ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum a ciki. Kafin sanarwar, masana rubutun hannu uku sun kwatanta wasu shafuka da samfuran da aka miƙa musu, suka ce hannu ɗaya ne ya rubuta su. Abin da ba su sani ba shi ne, wasu daga cikin samfuran ma aikin Konrad Kujau ne, mutumin da ya ƙirƙiri kundayen. Asiri ya tonu a watan Mayu, lokacin da gwajin kimiyya ya gano wani sinadarin ƙara wa takarda fari da ba a fara amfani da shi ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Saboda haka, amanar mai tantancewa ba ta tsaya ga kwatanta haruffa ba. Wajibi ne ya bi diddigin samfurin da zai yi awo da shi, ya nemi a gwada takarda da tawada, sannan ya fayyace iyakar hukuncinsa ko da mai biyansa yana gaggawa. Idan mudu ya lotse, duk awon da aka yi da shi ya ɓaci.