Kano Pillars: Ƙarin 'Yan Gaba Ne Zai Kawo Ƙwallo, Ko Gyaran Tsari?

Duk lokacin da Kano Pillars ta jera wasanni babu nasara, gardama iri ɗaya ce ke tashi a gidajen kallo da teburan masu shayi da shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyon Kano. Wasu na cewa ƙungiyar ta cika tsoro: a zuba 'yan gaba biyu ko uku, a riƙa cilla ƙwallo gaban gola, ko ba jima ko ba daɗe za ta shiga. Wasu na cewa a'a, da ƙwallon ƙasa aka san Pillars, a sauke ta a yi ba-ni-in-ba-ka har abokan karawa su buɗe baya. Akwai kuma masu cewa duk ɓata baki ne, a sallami koci a kawo wani.

Masu wannan gardama suna da dalilin damuwa. Ƙungiyar da aka kafa a 1990 ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a wasan lig, tun daga 2003 har zuwa Agustan 2015 da Nasarawa United ta zo Kano ta ci ta 2-1. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, ta fito daga rukunin da ya haɗa ta da manyan ƙungiyoyin Sudan biyu, Al Hilal da Al Merrikh, ta kai wasan dab da na ƙarshe. Wanda ya ga wannan zamani, sannan ya ga ƙungiyar ta faɗa rukunin 'yan dagaji a 2022, ba za a hana shi magana ba. Abin tambaya shi ne ko maganin da ake bayarwa ya dace da ciwon.

Gwanin cin ƙwallo da ɗaukar kofi

Tarihin Pillars da kansa ya amsa rabin tambayar. A kakar 2009/2010 Ahmed Musa, yana ɗan shekara 17, ya ci ƙwallo 18, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar. Amma Enyimba ce ta ɗauki kofin. A 2014 abin ya juya: Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23, amma kofin Kano ya zo. A 2018 ma Junior Lokosa na Pillars ne ya fi kowa ci, da ƙwallo 19, kuma ba Pillars ce ke saman teburi ba lokacin da aka tsayar da gasar. Samun lamba tara mai zafi alheri ne, sai dai shi kaɗai bai taɓa isa ba.

Dalilin yana cikin lissafin fili. 'Yan wasa goma ne a ciki ban da gola. Duk wanda aka ƙara a gaba, daga tsakiya ko daga baya aka ciro shi. Idan koci ya bar mutum biyu a tsakiya suna fuskantar uku na abokan hamayya, ƙwallon ba za ta riƙa isa gaba da tsari ba, sai a koma cillawa daga baya. Ɗan gaban da ake cilla wa ƙwallo ta sama yana karɓarta ne ya juya wa raga baya, mai tsaron baya na manne da shi. Sai a wayi gari an ƙara masu jiran ƙwallo, an rage masu kai musu ita. Wannan ne ya sa sau da yawa ake ganin ƙungiya ta sako ɗan gaba na uku a minti na 70, amma damar da take samu ta ragu.

Abin da masu ƙididdiga suka gano

Gardamar doguwar ƙwallo da ƙwallon ƙasa ta girmi Pillars nesa ba kusa ba. Tun daga 1950 wani akanta a rundunar sojin saman Birtaniya, Charles Reep, ya fara zama a filin wasa da takarda yana rubuta kowace miƙa ƙwallo. A 1968 shi da masanin ƙididdiga Bernard Benjamin suka wallafa abin da suka tara. Sun gano cewa kusan ƙwallo 8 cikin 10 ana cin su ne daga harin da bai wuce miƙawa uku ba, kuma a matsakaici sai an buga wa raga kusan sau 10 kafin a ci ɗaya. Daga nan masu horarwa da dama a Ingila suka yanke hukunci cewa yawan miƙawa ɓata lokaci ne.

Kuskuren ya fito daga baya. A cikin bayanan Reep ɗin kansa, kusan hari 9 cikin 10 dama ba ya wuce miƙawa uku kafin a ƙwace ƙwallo. Kamar manomi ne ya ce gero ya fi cika masa rumbu, ya manta cewa geron ya shuka a kusan duk gonarsa. A 2005 Mike Hughes da Ian Franks suka sake duba batun da wasannin Kofin Duniya na 1990 da 1994, suka auna kowane irin hari da yawan lokutan da aka yi shi. Sakamakon ya raba gardama biyu: harin da aka gina da miƙawa da yawa ya fi kaiwa ga bugun raga, amma bugun da ya fito daga hari mai sauri ya fi saurin zama ci. Ma'ana, kowane ɓangare na majalisar mai shayi yana riƙe da wani yanki na gaskiya.

A yau manyan ƙungiyoyi ba yawan bugu suke ƙirgawa ba, nauyin kowace dama suke aunawa, ta hanyar duba dubban bugun da aka taɓa yi daga wuri irin wannan. Fenariti na shiga kusan sau 3 cikin 4. Bugun da aka yi daga wajen yadi na 18 kuwa, kusan 3 ne cikin 100 ke shiga. Don haka ƙungiyar da ta buga sau 15 daga nesa tana iya kasa kai nauyin wadda ta samu dama uku a bakin raga. Ihun 'yan kallo na "buga! buga!" idan ɗan wasa ya samu ƙwallo a nesa yana faranta rai, amma mafi yawan lokuta kyautar ƙwallo ce ake yi wa golan abokan karawa.

Salo biyun kuma duk sun ci kofi. Sifaniya ta ɗauki Kofin Duniya na 2010 da riƙe ƙwallo, kuma ƙwallo 8 kacal ta ci a wasa 7. Leicester ta ɗauki Firimiyar Ingila a 2016 tana barin wa abokan karawa ƙwallo a mafi yawan wasanninta, tana jiran a yi kuskure ta kai farmakin ba-zata da gudun Jamie Vardy. Abin da ya haɗa su shi ne kowane ɗan wasa ya san aikinsa tun kafin ƙwallo ta zo ƙafarsa, kuma salon ya dace da irin mutanen da ake da su.

Darasi daga Asaba da kuma Sudan

Magoya bayan Pillars ba za su manta da wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba ba. Ƙungiyar ta zura wa Enugu Rangers uku ba ko ɗaya, amma a cikin kusan minti 15 na ƙarshe Rangers ta farke duka ukun, ta kuma yi nasara a bugun fenariti. Shekara guda bayan haka, a Kaduna, Pillars ta tashi babu ci da Niger Tornadoes, ta ɗauki kofin a bugun fenariti. Ranar da ta ci uku ta dawo hannu rabbana, ranar da ba ta ci ko ɗaya ba ta dawo da kofi. Ba hujjar a daina kai hari ba ce. Hujja ce cewa kai hari da tsaron gida aiki ɗaya ne: yadda aka tsaya lokacin da ake riƙe da ƙwallo shi ke nuna abin da zai faru idan aka ƙwace ta.

Sudan ma ta ba da misali mai ƙarfi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da gasar ƙasar, har Al Hilal da Al Merrikh suka koma buga gasar Muritaniya. Tawagar ƙasar, ƙarƙashin koci Kwesi Appiah ɗan Gana, a ƙasashen waje ta riƙa karɓar baƙi. A wasannin neman gurbin Kofin Afirka na 2025 ƙwallo 4 kawai ta ci a wasa 6. Amma ta riƙe Gana babu ci a Akara, ta doke ta 2-0 a Libiya, ta samu gurbi, Gana ta zauna a gida karon farko tun 2004. Mafi yawan 'yan wasan sun fito ne daga waɗannan ƙungiyoyi biyu, sun saba da juna, kuma an bar kocin ya yi aikinsa.

Inda gizo ke saƙar

Sabo da juna shi ne abin da gardamar magoya baya ta fi tsallakewa. Tsaron baya ana iya koya shi cikin 'yan makonni, don tsayuwa ce da bin umarni. Kai hari kuwa yana buƙatar ɗan tsakiya ya san lokacin da ɗan gefe zai tashi da gudu ba tare da ya ɗaga kai ba, kuma wannan sai da maimaici na watanni a filin atisaye. Ƙungiyar da ke sauya koci a tsakiyar kaka, ta kuma sallami tarin 'yan wasa ta ɗebo sababbi kowace shekara, kullum daga farko take farawa. Yadda Pillars ta ci gaba da dogaro da Rabiu Ali wajen tsara hari bayan ya haura shekara 40 abin yabo ne a gare shi, kuma tambaya ce ga masu renon matasa: ina lamba goman da zai gaje shi?

Su ma magoya baya suna da nasu kason. A Afrilun 2022 rikicin da ya biyo bayan wasa da Katsina United ya jawo aka cire wa Pillars maki, aka kuma hana ta wasa a Kano, a kakar da ta ƙare da faɗuwarta. A Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa aka tashi 1-1 a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wasu suka kutsa cikin fili. Hukumar gasar ta cire maki 3 da ƙwallo 3, ta ci tarar naira miliyan 9.5, ta kuma mayar da wasannin gida Katsina. Maki 3 nasara guda ce cur da aka sha wahalar samu. Sannan ɗan wasan da ke tsoron abin da zai biyo baya idan ya yi kuskure ba zai gwada miƙa ƙwallo mai wuya ba, zai cilla ta gaba ne ya huta, alhali irin wannan miƙawa ce ke buɗe baya.

Saboda haka gardamar ta cancanci a ci gaba da ita, amma da tambayoyin da suka fi "mutum nawa ne a gaba?" amfani. Sau nawa muka shiga yadi na 18 da ƙwallo a ƙafa? Idan aka ƙwace mana ita, mutum nawa ke bayanta? Bugun kwana da bugun tazara, an ga alamar an yi atisayensu? Idan amsoshin na gyaruwa mako bayan mako, to koci na kan hanya ko da sakamako bai nuna ba tukuna, kuma ya cancanci a ba shi kaka guda cikakkiya. Idan ba sa gyaruwa, to masu neman sauyi sun samu hujjar da za su kai gaban shugabannin ƙungiya. Su kuma shugabannin, nauyin da ke kansu shi ne su zaɓi salo ɗaya, su ɗauko 'yan wasan da suka dace da shi, su riƙe su fiye da kaka guda, su kuma koya wa ƙungiyar matasa wannan salon tun yanzu.