Wasa Ƙwaƙwalwa: Alwatikar Lambobi

A cikin wasannin lissafi akwai wanda kan sa ɗalibi ya cinye gindin fensirinsa, alhali lambobi shida ne kacal a cikinsa. Za a zana alwatika, a yi mata gurabe shida: uku a kusurwoyi, uku a tsakiyar gefuna. Sai a ce a zuba lambobi daga 1 zuwa 6, kowace lamba sau ɗaya, yadda lambobi ukun da ke kowane gefe za su tashi 9 idan an haɗa su.

Yawancin ɗalibanmu sukan fara da canki-canki. Su rubuta, su goge, su sake rubutawa, har takarda ta huje. Amma akwai hanya mai sauƙi, kuma ita muke so mu bi tare a nan.

Da farko mu haɗa lambobin duka. Daga 1 zuwa 6 jimlarsu 21 ce. Gefuna uku ne, kowane 9, wato 27 ke nan. To, ina rarar 6 ta fito? Ta fito ne daga kusurwoyi. Lambar da ke kusurwa tana cikin gefe biyu, saboda haka sau biyu ake ƙirga ta. Ashe jimlar lambobin kusurwoyi dole ta zama 6, kuma lambobi uku da za su ba mu 6 su ne 1 da 2 da 3, babu wasu. Da zarar mun sa su a kusurwoyi, sauran aikin cike gurbi ne. Tsakanin 1 da 2 sai 6, tsakanin 1 da 3 sai 5, tsakanin 2 da 3 sai 4.

Idan aka ce jimla ta zama 10, sai mu ce 30 a ɗebe 21, saura 9. Lambobin da suka dace da kusurwoyi su ne 1, 3, 5. Don samun 11 sai mu sa 2, 4, 6. Don samun 12 kuwa sai 4, 5, 6. Ba za a taɓa samun 8 ko 13 ba, gama jimlar kusurwoyi ba ta kasa 6, ba ta kuma wuce 15.

Wannan dabara tana aiki a murabba'i mai gida tara, inda ake zuba 1 zuwa 9. Jimlarsu 45 ce, layuka uku, kowane layi 15. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. A cikin wannan 60 an ƙirga kowane gida sau ɗaya, amma na tsakiya sau huɗu. Rarar 15 ke nan, a raba ta uku, 5. Shi ya sa 5 ce kullum a tsakiya. Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Wani malami Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan irin waɗannan murabba'ai a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741.

Sai dai a yi hattara. Lissafin nan yana gaya mana abin da jimla za ta zama idan akwai amsa, amma bai yi alkawarin cewa akwai ta ba. A tauraro mai tsini shida ana zuba 1 zuwa 12, lambobi huɗu a kowane layi, kowace lamba tana kan layi biyu. Jimlarsu 78, a ninka biyu 156, a raba wa layuka shida, 26, kuma ana samun amsa. A tauraro mai tsini biyar, lambobi 1 zuwa 10 suna ba da 22 a kowane layi, amma duk yadda aka juya su ba za su zauna ba. Masana lissafi sun tabbatar da haka.

Ga aikin hutu. Ku zana alwatika mai gurabe tara, huɗu a kowane gefe, ku zuba 1 zuwa 9 yadda kowane gefe zai tashi 17. Kafin ku rubuta ko lamba ɗaya, ku tambayi kanku waɗanne gurabe ne ake ƙirgawa sau biyu, kuma nawa ce rarar. Wanda ya gama sai ya gwada 20 da 23. Iyaye ma suna iya sa hannu, amma kada su karɓe fensirin daga hannun yara.