Rodi da Kankare: Darasi Daga Samaru

A shekarar 1955 aka ɗauke koyar da zanen gine-gine daga Ibadan zuwa Zariya, daga baya ya zama sashe na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. Ɗalibin da ke zane cikin benayen Samaru, babban darasinsa yana bisa kansa, watau rufin kankare.

Shi kankare yana jure danni ƙwarai, amma ba ya jure ja. In nauyi ya hau rufi tsakanin ginshiƙai biyu, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuwa miƙewa. Saboda haka ake jera rodi ta ƙasa, inda tsaga za ta fara. Maginan Makera da Kurfi sun san wannan hikima, gama azarar giginya ke ɗauke da ƙasar soro.

Bayan zubi, sai a yi ta ba shi ruwa har kwana 7, ƙarfin da injiniya ya lasafta kuwa sai kwana 28. Wanda ya rage siminti, ko ya cire tokara da wuri, da rayukan ɗalibai yake wasa. To, masu duba ginin makarantu, a lura: sauri ya haifi nawa.